Ɗumi Daga Ƙasa: Gadon Inna Ko Wayar Ƙarƙashin Tayil?

Hunturun bara yayana ya tare a sabon gidansa a Gazawa, ginin bulo da siminti, an shimfiɗe shi da tayil tun daga falo har makewayi. Ya aika aka ɗauko Inna daga ƙauyenmu na wajen Cadawa don ta sa albarka. Da asuba ta sauko daga katifa za ta yi alwala, tafin ƙafarta na taɓa ƙasa ta janye shi kamar wadda ta taka kunama. "Kai ɗan nan," in ji ta, "da ƙanƙara ka yi daɓen?" Kwana uku ta yi ta ce a mayar da ita ɗakinta, inda gadonta na ƙasa ke jiran ta da raminsa na garwashi.

Ana cikin dariyar abin sai wani abokin yayan nawa da ya yi karatu a Faransa ya ce ai da magani: can, ƙarƙashin tayil ɗin ake binne abin ɗumama ɗaki. Tun ranar nake ɗora dabarun nan biyu a sikeli, ta Inna da ta Turawa, domin dukansu abu guda suka gano: zafi sama yake tashi, saboda haka mai son ɗumi daga ƙasa zai faro.

A fara wanke tayil daga zargi. Bai fi tabarmar da ke kansa sanyi ba. Abin da yake yi shi ne zuƙe zafin ƙafa da sauri, ita kuwa kaba ba ta iyawa. Wannan hali nasa shi ya sa yake da daɗin kwanciya a watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, shi ne kuma ya sa Turawa suka fi son sa a kan abin ɗumamarsu, don yadda yake saurin karɓar zafi haka yake saurin miƙa shi.

Aikin nasu iri biyu ne. Ko dai a shimfiɗa siririyar wayar lantarki mai yin zafi, ko a nannaɗe bututun roba da ruwan ɗumi zai riƙa zagayawa a ciki. Kafin nan sai an fara sa allon da zai hana zafin nutsewa cikin ƙasa, a jera wayar ko bututun, a rufe da siminti, sannan a liƙa tayil da manne mai ɗan bayarwa don kada ya tsage idan ya sha zafi ya huce. Akwai ƴar na'ura a bango da ke tsayar da ɗumin daɓen kusa da digiri 27 zuwa 29. Ba a kunna shi sai simintin ya yi makonni yana bushewa. Babu hayaƙi, babu toka, yaro na iya rarrafe a ko'ina. Wannan kam ba a ƙwace musu ba.

To amma a zo ga lissafi. Irin na waya yakan ci wajen wat 150 a kowane murabba'in mita. Ɗaki mai mita huɗu a uku zai lashe wat 1,800 ke nan, daidai da a kunna ƙananan ƙwayayen fitila masu wat goma guda 180 a lokaci guda. Wa zai biya kamfanin wuta na NIGELEC wannan kuɗi? Kuma ko da kuɗin, ina wutar? Mutanen Gazawa sun fi kowa sanin inda take fitowa, tunda a garinsu babban layin da ya taso daga Katsina yake sauka kafin a raba shi zuwa Maraɗi da Damagaram. Sun kuma ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin Nijar, aka shafe watanni ana fama. Ƙauyuka da yawa na Agye da Gidan Rumji kuwa ko turken wuta bai kai musu ba. Sannan in waya ta tsinke a ƙarƙashi, sai an fasa tayil kafin a kai gare ta. Duk wannan ɗawainiya don sanyin da bai wuce Disamba da Janairu da ɗan abin da ya taɓa Fabrairu ba, wanda shi ma da hantsi ya yi sallama.

Gadon Inna kuwa da yumɓu aka gina shi, an bar masa kogo a ƙasa. Bayan sallar isha'i takan kwaso garwashin da aka gama tuwo da shi a kasko ta zuba a ciki, ta barbaɗa toka a kai don ya ci a hankali. Ƙasar ta sha zafin ta riƙe, ta yi ta sakin sa har asuba. Daɓen ɗakin ma na gargajiya ne, wanda mata suka taru suka buga da madaɓi, suka shafe da makubar ɗorawa, shi ya sa ba ya cizon ƙafa. Hikimar a nan ita ce ba a ɗumama ɗaki duka, sai daidai inda haƙarƙari zai sauka. Makamashin kuma yana bayan gida: kara, da rassan da ake sassabowa daga itatuwan da manoman yankin Agye, irin na Ɗan Saga, suka yi suna wajen rainon su a gonaki.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Garwashi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci ta wuce da shi. Akwai ƙuna ga yara, akwai gobara idan zane ya sauka a ramin. Kuma tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da haɗuwar abubuwa uku: kwanciya a gado mai wuta, wankan tafasasshen ruwa, da kunun kanwa. Abin da ya yi wa tsohuwa daɗi ba lalle ya dace da mai ɗanyen jiki ba.

In za mu yi aro daga waje, ni a ganina ba waya ce abin arowa ba. Mutanen Koriya sun daɗe da tasu dabarar da suke kira ondol: murhun girki yana wajen ɗaki, hayaƙinsa ya bi ta ramuka a ƙarƙashin daɓen dutse, ya fice ta bututu a ɗaya gefen. Rumawan da ma haka suka ɗora daɓen gidajen wankansu a kan ginshiƙan bulo, iska mai zafi na ratsawa ta ƙasa. Bambancinsu da mu ɗaya ne tak: sun ba hayaƙi hanyar fita, mu mun bar shi ya kwana tare da mu. Maginin da ya iya ɗaga rumbu a Tsibiri ba zai gagara juya bakin ramin gado zuwa waje ya kafa masa bututu ba.

Saboda haka ga inda sikelina ya tsaya. Tayil ya zauna a falo, wata tara yana yi mana aiki, in hunturu ya shigo a rufe shi da tabarma. Wayar ƙarƙashinsa a bar wa masu dusar ƙanƙara. Gadon ƙasa kuwa a gyara shi, kada a rushe. Yayana ya riga ya sayo tabarmin kaba biyu, ya kuma yi wa magini magana a kan ɗan ɗaki a bayan gida. Da aka kai wa Inna labari, cewa ta yi sai ta ga hayaƙi na fita ta bango tukuna za ta ɗaura kayanta.