Wasan "Je Ka Nemo": Yadda Yaran Kurmi Za Su Ci Moriyar Damina

Damina uwar albarka, in ji Bahaushe. Amma a unguwannin 'yan Arewa da ke Kurmi, kamar su Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, da unguwar Sabo ta Badun da ta Shagamu, har zuwa Ama Hausa ta Owerri, damina ta zama wa yara lokacin kulle. Da hadari ya haɗo sai a kira kowa ya shige ɗaki a ja ƙofa. In ruwan ya wuni ya kwana yana zuba, to, yaro ya wuni ya kwana ke nan a ɗaki guda, daga kallon talabijin sai latsa wayar uwarsa, sai kuma tsokanar ƙannensa har a kai ga bulala.

Ba a ga laifin iyaye ba, domin ruwan Kurmi dabam yake da na gida. A Kano ruwa kan sauka sosai daga watan Yuni zuwa Satumba, abin da akan samu a shekara kuwa kimanin inci 35 ne. A Ikko tun watan Afrilu ake shiga damina, ba ta ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba, ruwan kuma ya kai kusan ninki biyu na na Kano. Na Fatakwal ma ya fi haka. Wato ke nan yaron da ake kullewa saboda ruwa a nan, ya fi rabin shekara yana zaman ɗaki.

ABIN DA IYAYE SUKA TASHI DA SHI

Duk magidancin da ya yi ƙuruciyarsa a karkarar Arewa ya san damina makaranta ce mai zaman kanta. Tun kafin ruwan fari yara ke sa ido su ga shamuwa ta dawo ta fara sheƙa a bishiyoyin gari, don zuwanta alama ce ruwa ya kusa. Ran da aka yi ruwan shuka, da safe a bi manya gona ana binne iri a bayan mai sungumi, da dare kuma a kunna fitila a ajiye kwanon ruwa a gindinta ana tara gina da shinge, a soya a tukunya da ɗan gishiri. Akan bi turɓaya ana neman ɗan jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski wanda ba ya fitowa sai bayan ruwa. 'Yan mata su ɗauki ƙwarya su tafi ɗebo tafasa da yaɗiya da gasaya a zo a yi kwaɗo. Sammako kuwa na tsintar kaɗanya ne, in damina ta yi nisa kuma a koma gindin ɗinya.

Babu wanda ya rubuta wa yaran wannan a takarda, amma kafin yaro ya shekara goma ya san sunan ciyayi da ƙwari da tsuntsaye masu yawa, ya san wanda ake ci da wanda ake gudu, ya san ramin da ba a zura wa hannu. Yanzu ga 'ya'yan waɗannan magidanta an haife su a Kurmi. Da yawansu Hausarsu ta tsaya a gaisuwa da ciniki da aike. In aka nuna musu ganyen lalo sai su ce ewedu, kamar yadda Yarbawa maƙwabtansu ke faɗi, in kuwa aka ce shinge sai su yi zuru, alhali sun san esunsun na Yarbawa ko aku na Ibo, kuma duk abu ɗaya ne. Sanin harshen maƙwabta riba ce, amma in aka je gida hutu kakanni su kan lura da abin da ya ɓace.

DON ME BA A SAKE SU HAKA NAN BA

Mai karatu zai iya cewa to, a buɗe ƙofa mana a bar su su fita kamar yadda aka bar iyayensu. Wannan ba zai yiwu ba. Ruwan karkarar Arewa yakan faɗi a kan rairayi, kafin a jima ƙasa ta shanye shi. Na birnin Kurmi kuwa yana faɗuwa a kan kwalta da siminti, ya tattaru a kwata da lambatu, ya kwaso shara da bayan gida ya malalo kan titi, har mai tafiya ya kasa bambance hanya da bakin rami. Masana sun ce ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce inci 6 ba yana iya kayar da babban mutum, balle yaro ɗan shekara bakwai.

Mutanen Badun ba su manta ambaliyar kogin Ogunpa ta watan Agusta na 1980 ba, wadda ta ci rayuka masu yawa, kuma a watan Agusta na 2011 ruwa ya sake cin mutum fiye da ɗari a garin. A watan Yuni na 2024 annobar amai da gudawa ta ɓarke a Ikko, cutar da gurɓataccen ruwa ke yaɗawa. Ga wayar lantarki da iska kan tsinko ta kwanta a ruwa, ga fasassun kwalabe da tsofaffin gwangwanaye.

Ko a gida ma wasan kududdufi bai tafi a banza ba. Kurkunu, wanda a ƙidayar 1988 aka samu mutum fiye da 650,000 suna fama da shi a Nijeriya, an ga bayansa, don tun 2008 ba a sake samun mai shi ba, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Amma tsargiya na nan daram, Kudu da Arewa. Ƙananan katantanwa na cikin tafki da rafi su ke rainon tsutsarta, ita kuwa ta fata take shiga jikin mai wanka. Fitsarin jinin da a dā wasu ke ɗauka alamar balaga ce, ciwo ne mai bukatar asibiti.

YADDA AKE WASAN

Tsakanin kulle da saki akwai hanya ta uku, ita ce a mayar da yawon damina wasa mai tsari, babba na tsaye a kai. Turawa na da irinsa: a ba 'yan wasa jerin abubuwa, kowa ya bazama nema, wanda ya riga cikawa ya ci. A Amurka ya yi tashe a shekarun 1930 a wuraren liyafar manya, daga baya ya zama na makarantu da ƙungiyoyin yara irin su 'yan Sikawut, ƙungiyar da Baden-Powell ya kafa a Ingila a 1907, ta iso Nijeriya a 1915. A Hausa ana iya kiransa "Je ka nemo". Ba ya cin ko kwabo, kayansa takarda da fensir da ƙwarya ko tsohuwar roba.

Da fari a zaɓi wuri mai iyaka wanda ruwa ba ya kwanciya a cikinsa, kamar harabar makarantar Islamiyya, ko filin Idi, ko farfajiyar gida mai katanga. Babban da zai kula ya riga zagayawa ya duba ko akwai rijiya a buɗe, ko waya, ko kwalba, sa'an nan ya nuna wa yara iyakar da ba a ƙetarewa. A raba su ƙungiya-ƙungiya, uku ko huɗu, kowace da babban yaro guda mai riƙe da takarda. Rabin sa'a ya isa.

Jerin kuwa kashi biyu ake yinsa. Kashi na farko abin da za a ɗauko a kawo: ganyen gwaza da ɗigon ruwa a kansa, ganyen lalo ko alayyafo da ya tsiro da kansa, fiffiken shinge, gashin tsuntsu, ƙwallon mangwaro da ya fara tsiro, kwakwar manja, tsakuwa mai santsi, ganye iri biyar da ba su yi kama da juna ba. Kashi na biyu abin da za a gani da ido kawai, a kira babba ya shaida: tana, ƙadandoniya, dodon-koɗi, kwaɗo, mazari, malam-buɗe-littafi, yanar gizo da ruwa ya yi mata ado, sawun kaza a taɓo, laimar kwaɗi, da ciyawar nan ta Kurmi mai naɗe ganyenta in an taɓa ta. Wanda ya fara hango bakan gizo a ƙara masa maki.

Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne ba a karɓar abu sai an faɗi sunansa da Hausa. In yaro ya ƙara da sunansa na Yarbanci ko Ibo ko Turanci, a ba shi ƙari, ta haka ɗan maƙwabta ma zai shiga a yi da shi, kowa ya koya wa kowa. Ga manyan yara ana iya juya jerin ya zama kacici-kacici, a ce, "Je ka nemo mai tafiya ɗauke da ɗakinsa," ko "Je ka nemo mai ƙafa da yawa amma ba ya sauri." A nan ne tsofaffin unguwa ke da amfani, domin babu wanda ya fi kaka sanin sunan ciyawa, ita ce kuma ta fi dacewa da alƙalanci. Ladan wanda ya ci bai wuce gasasshiyar masara ko dafaffiyar gyaɗa ba, a raba har da waɗanda ba su ci ba.

DOKOKIN DA BA A SASSAUTAWA

Wasan na lokacin yayyafi ne ko bayan ruwa ya ɗauke. In ana walƙiya da tsawa babu fita, kuma sai an yi rabin sa'a da jin tsawa ta ƙarshe kafin a leƙa waje. In ta riski yara a fili, a shiga gini, kada a fake gindin bishiya. Kowa da takalmi a ƙafarsa. Ba a shiga kwata ko ruwa mai gudu ko da ƙwallo ta faɗa, ba a zura hannu rami, ba a ɗaga dutse ko tulin itace, don damina kan fito da maciji da kunama. Ba a sa komi a baki, musamman laimar kwaɗi, wadda wata kan kashe. An gama, kowa ya wanke hannu da ƙafa da sabulu ya sake tufa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne dogon hutun makaranta. A Ikko da Badun ruwa kan ɗan tsagaita daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta, daidai lokacin da ake tsakiyar marka a Arewa, ƙasa na da danshi, tsirrai sun yi kore, ruwan bai cika tsanani ba. Ranar Alhamis da babu karatun allo ma ta dace.

FARAUTAR GIDAN SAURO

Akwai wani salon wasan da amfaninsa ya wuce nishaɗi. A ba manyan yara aikin nemo duk abin da ya tara ruwa a kewayen gida: tsohuwar taya, gwangwani, ɓawon kwakwa, fasasshiyar roba, murfin tulu. Kowane guda maki ɗaya, in kuwa an ga 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil a ciki, maki biyu. A zubar da ruwan, a kife abin ko a kai shi bola. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai ne zuwa goma, saboda haka in ana yin wannan sau ɗaya a mako an katse masa hanya. Irin sauron da ke haihuwa a waɗannan tarkace shi ke ɗauke da shawara, kuma shi ya yaɗa annobarta a garuruwan jihar Oyo a 1987. Na zazzaɓin cizon sauro ya fi son 'yan ƙananan kwarin da ruwa ke kwanciya a rana, su kuma a cike su da ƙasa. Wannan bai ɗauke wa kowa kwana a gidan sauro ko allurar rigakafi ba, amma da yayyafi kogi kan cika.

Saura ga sarakunan Hausawa da masu unguwanni da malaman Islamiyya da ƙungiyoyin matasa. Fili na hannunsu, yara kuma na jin maganarsu. Magidanci ɗaya in ya ba da yammacin rana guda a mako, yaran layi duka sun samu. Yaron da ya san sunan tafasa da shinge a Agege ba zai zama baƙo ba ran da aka sauke shi a tashar garin ubansa, wanda kuma ya koyi tsoron lambatu tun yana ƙarami ya tsira daga abin da ke cin yara kowace shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya tsare zuri'a.