Intanet: mai fito ya san wanda ya ƙetare

Dattawan Maraɗi da Damagaram ba su manta da zamanin da, in mutum na son magana da Yamai ta tarho, sai ya tafi gidan waya ya ba da lamba, ya zauna bisa benci yana jiran a kira shi. Ma'aikacin da ke haɗa layi, ko da bai kasa kunne ba, ya san abubuwa da yawa. Ya san wane alhaji ne ke neman Kano sau ukku cikin mako, ya san matar da ke kiran Abijan kowane ƙarshen wata, ya kuma san watan da ta daina kira. Mutum ne ɗan gari, ana gaisawa da shi a masallaci, kuma kunya tana riƙe bakinsa.

Yau wannan ma'aikaci ya kau, kampani ya zauna gurbinsa. Duk wanda ya sayi kuɗin intanet a salularsa, ta injinan kampanin da ya sayar masa da layi ne yake bi kafin ya isa ko'ina cikin duniya, kamar yadda mai son ƙetare gulbi ba shi da hanya sai jirgin mai fito. Inji ba ya mantuwa, ba ya kuma jin kunyar kowa.

Me kampanin ke gani? A da yana ganin kusan komi, tun da yawancin shafunan intanet a buɗe suke tafiya kamar takarda marar ambulan. Yanzu mafi yawan shafuna suna kulle abin da ke cikinsu, shi ne ma'anar ɗan hoton kwaɗo da wasu manhajojin bincike ke nunawa kusa da adireshi. WhatsApp ma tun watan Afrilu na 2016 ya kulle saƙonni ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya karanta su. Sai dai bayan ambulan yana nan a fili. Galibi kampani yana ganin sunan shafin da aka shiga, da sa'ar da aka shiga, da daɗewar da aka yi, da yawan abin da aka sauke. Yana kuma sanin wace eriya ce salular ta kama, wato unguwar da mai ita yake tsaye. Wanda ya san cewa wane yana shiga shafin masu ciwon suga kowane dare, ko na masu ba da bashi, ko na wata jam'iyya, ba ya bukatar karanta ko baƙi ɗaya. Ya riga ya san abin da ke damun mutumin, wani lokaci tun iyalinsa ba su sani ba.

Shaidar wuta a cinyar raƙumi

A ƙasar Amurka ne aka fi tone wannan al'amari, domin can ne ƴan jarida da masu bincike suka bi sawu har suka kama hujja.

Verizon na ɗaya daga manyan kampanonin salula na ƙasar. Daga ƙarshen shekarar 2012 ya fara wata dabara ba tare da ya gaya wa kowa ba. Duk lokacin da mai layinsa ya nemi wani shafi marar kulle, kampanin sai ya liƙa wa buƙatar wata lamba ta musamman a kan hanya, bayan ta bar salular, kafin ta isa inda za ta. Mai salula ba ya ganin lambar, ba ya kuma iya share ta, tun da ba cikin salularsa take ba. Kamar shaidar wuta ce da makiyayi ke sa wa raƙuminsa: duk kasuwar da dabbar ta shiga, daga Abalak har Tanut, wanda ya san zanen ya san ta wa ce. Haka masu talla ke gane mutum daga wannan shafi zuwa wancan, su tara labarin abin da yake so da abin da yake nema.

Kusan shekara biyu aka yi ana haka kafin asiri ya tonu cikin watan Oktoba na 2014. Kampanin ya yi ta kwantar da hankalin jama'a cewa ba wanda zai yi mugun aiki da lambar. Cikin watan Janairu na 2015 wani mai bincike na jami'ar Stanford, Jonathan Mayer, ya nuna cewa wani kampanin talla mai suna Turn yana amfani da ita wajen maido da ƴan alamomin bin sawu, waɗanda ake kira kukis, bayan mutane sun share su da hannunsu. Mutum ya share sawunsa ya juya, a sake zana masa shi. Cikin watan Maris na 2016 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta sasanta da Verizon bisa biyan dala miliyon 1 da dubu 350, tare da sharaɗin sai ya nemi yardar mai layi kafin ya ba wasu lambar. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Tawa mai tamma 5 ba. Kuɗin sun kai wajen miliyon 800 na sefa. Ga talaka dukiya ce. Ga kampanin da cinikinsa na 2015 ya haura dala miliyar 130, ko kuɗin goro ba su kai ba.

Kishiyarsa AT&T ita ma ta gwada tata hanya, wadda ta fi fitowa fili. Daga 2013 zuwa 2016, a wasu biranen, ta sa wa sirri farashi: wanda ya yarda a duba shafunan da yake shiga don a aiko masa talla ya biya kuɗi kaɗan, wanda ya ƙi ya ƙara aƙalla dala 29 kowane wata, wajen jika 17 ke nan. Ko ba komi, wannan ta faɗi gaskiya game da darajar abin da take tarawa.

Ganin haka, cikin watan Oktoba na 2016 FCC ta kafa ƙa'ida cewa kampanin intanet ba zai sayar da tarihin shafunan da mutum ya shiga ba, ko wurin da yake, sai da amincewarsa tun farko. Ƙa'idar ba ta ko fara aiki sosai ba aka bisne ta. Ranar 23 ga Maris 2017 majalisar dattawa ta soke ta da ƙuri'a 50 bisa 48, majalisar wakilai ta bi baya da 215 bisa 205, shugaba Donald Trump ya sa hannu ranar 3 ga Afrilu. Hujjar masu sokewa ita ce Google da Facebook suna tara irin wannan labari ba a ɗaure su da ƙa'idar ba, don haka an nuna bambanci. Akwai gaskiya cikin maganar, amma rabin gaskiya ce. Wanda ya gaji da Facebook yana iya barinsa yau. Wanda eriyar kampani ɗaya kaɗai ke kamawa a ƙauyensu ba shi da wurin zuwa. Bugu da ƙari, shi kampanin layi an riga an biya shi kuɗin fito.

Dala 300, a nuna maka inda mutum yake

Abin da ya fi tayar da hankali ya fito cikin watan Mayu na 2018, lokacin da jaridar New York Times ta ba da labarin wani shugaban ƴan sandan gunduma a jihar Misuri. Manyan kampanonin salula suna sayar da labarin wurin da masu layinsu suke ga wasu dillalai, dillalan su sayar wa wasu. Cikin masu sayen har da Securus, kampanin da ke kula da tarhon gidajen kaso. Ta nan ne wannan ɗan sanda ya yi shekaru yana bin sawun mutane, ciki har da wani alƙali da wasu ƴan sanda ƴan uwansa, ba tare da izinin kotu ba. Inda aka nemi ya saka takardar izini, sai ya saka duk abin da hannunsa ya kai, har da takardar inshorar motarsa. Ba wanda ya duba. Daga baya ya amsa laifi, aka ɗaure shi.

Kampanonin suka yi alkawarin dainawa. Cikin watan Janairu na 2019 wani ɗan jarida, Joseph Cox, ya ba wani mai farautar waɗanda suka tsere wa beli dala 300, wajen jika 170, da lambar salular wani da ya amince a yi gwaji da shi. Ba a jima ba aka aiko masa taswira mai nuna unguwar da salular take cikin birnin New York. Mai karatu ya auna da kansa abin da wannan ke nufi ga matar da ta gudu daga mijin da ke dukanta, ko ga wanda zai ba da shaida gaban alƙali.

Sai cikin watan Afrilu na 2024 FCC ta ci tarar AT&T, Verizon, T-Mobile da Sprint kusan dala miliyon 200 a haɗe. Suka ɗaukaka ƙara, kuma cikin Afrilu na 2025 wata kotu ta soke tarar AT&T ta dala miliyon 57 bisa hujjar cewa hanyar da hukumar ta bi ta tauye haƙƙin kampanin na gurfana gaban kotu. Tsakanin nan, cikin Oktoba na 2021, hukumar FTC mai kare masu saye ta fitar da rahoto kan manyan kampanonin intanet guda 6, inda ta nuna wasunsu suna haɗa tarihin shafuna da wurin zama da abin da ake kallo a talabijin, suna rarraba mutane rukuni-rukuni har bisa launin fata.

A nan gida

Wannan duka labarin Amurka ne, kuma ba zargi ba ne ga Airtel, Moov, Zamani ko Niger Télécom. Amma injinan iri ɗaya ne, abin da eriya ke rubutawa a Misuri shi take rubutawa a Madawa. Akwai ma wani abu da ya ƙara wa zancen nauyi a Nijar: kowane layi yana ɗaure da sunan mai shi. Cikin watan Nuwamba na 2013 aka yanke layuka wajen miliyon 1 da dubu 700, kusan kashi ɗaya cikin ukku na dukan layukan ƙasar a lokacin, saboda masu su ba su kai takardar shaidar ɗan ƙasa ba. An yi haka ne don tsaro, kuma wanda ya san ta'asar masu satar mutane don kuɗin fansa a kan iyakar jihar Maraɗi ba zai raina hujjar ba. Sai dai sakamakonsa shi ne duk abin da injin kampani ya rubuta, yana da suna da hoto a gefensa.

Ta fuskar doka ƙasar ba ta zauna hannu sake ba. Dokar watan Mayu na 2017 ta kafa hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, aka kuma sabunta dokar cikin Disamba na 2022. Bisa ƙa'idarta, ɗan ƙasa yana da haƙƙin tambayar wanda ke riƙe da bayanansa ya nuna masa su, ya gyara na kuskure. A ɗaya gefen, ranar 29 ga Mayu 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraren wasu saƙonnin tarho da na intanet da sunan tsaron ƙasa. Depitocin adawa sun ƙaurace wa ƙuri'ar, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan adam kuma suka yi kukan cewa shugaban ƙasa ne ke ba da izini maimakon alƙali. Sun kafa hujja da aya ta 29 ta tsarin mulkin 2010, wadda ta haramta keta sirrin wasiƙa da sadarwa. Tsarin mulkin da kansa an dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Waɗanda suka ga yadda intanet ɗin salula ya mutu kwana 10 daga 24 ga Fabrairu 2021, bayan sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, sun san iyakar ikon kampani idan umurni ya zo daga bisa.

Samari da yawa suna dogara da dabaru. Shafin ɓoye da ke cikin manhajar bincike yana share tarihi daga salular ne kurum, domin kada ƙane ko uwargida su gani. Kampani yana ganin abinsa. VPN kuwa yana rufe wa kampanin layi ido da gaske game da sunayen shafuna, amma ya buɗe wa mai VPN ɗin. An canza mai fito ne kawai. Na kyauta su ne abin tsoro: Onavo, wanda Facebook ya saya cikin 2013, ya yi shekaru yana kai wa uwar ɗakinsa labarin manhajojin da mutane ke amfani da su, har aka fitar da shi daga kasuwar Apple cikin 2018, aka rufe shi cikin 2019. Kuma babu VPN ɗin da ke hana eriya sanin inda salula take, muddin tana kunne.

Wani ɗan siyasar Jamus, Malte Spitz, na jam'iyyar masu kare muhalli, shi ne ya taɓa gwada haƙƙin tambaya har ƙarshensa. Ya kai kampanin Deutsche Telekom ƙara yana neman a ba shi abin da aka rubuta game da layinsa. Aka miƙa masa layin rubutu sama da 35.000 na wata 6 kacal, daga Agusta 2009 zuwa Fabrairu 2010. Babu maganar da ya yi ko ɗaya a ciki, sai sa'o'i da lambobin eriya. Cikin 2011 jaridar Die Zeit ta ɗora su bisa taswira, da yardarsa. Kowa ya ga lokacin da ya hau jirgin ƙasa, garin da ya sauka, daren da ya yi hira har tsakar dare, da wurin da ya kwana. Ana iya gane har lokutan da ba a samunsa ta salula.