Tumbi, Hawan Jini da Ciwon Suga: Cututtukan da Ke Tafiya Tare

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na Gwandu da Kalgo idan mutum ya ajiye tumbi sai a ce ya samu, hutu ya zauna masa. Idan kuma aka wayi gari bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun mutu, sai a ce iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa. Ba safai muke haɗa tumbin da shanyewar jikin ba, alhali sau da yawa hanyarsu ɗaya ce.

Akwai matsaloli biyar da ke son taruwa a jikin mutum ɗaya: kitsen ciki, hawan jini, yawan suga a jini, yawan wani irin kitse a jini, da ƙarancin kitse mai amfani wanda ke share hanyoyin jini. A 1988 wani likita a Amurka, Gerald Reaven, ya bayyana cewa yawancinsu tushe ɗaya gare su. A 2009 manyan ƙungiyoyin likitoci na duniya suka amince cewa wanda ke da uku daga cikin biyar ɗin yana cikin haɗari: zai iya kamuwa da ciwon suga kusan ninki biyar fiye da wanda ba shi da su, ciwon zuciya kuma kusan ninki biyu.

Ga yadda abin yake. Tuwo, shinkafa da fura duk suna komawa suga a jini. Jiki yana fitar da wani sinadari mai suna insulin, wanda aikinsa buɗe wa sugan ƙofa ya shiga tsoka, kamar yadda ake buɗe rumbu a zuba hatsi. Kitsen da ya taru cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, yana sa ƙofar ta yi tauri. Sai suga ya yi ta yawo a jini, kitse ya ƙaru, jini ya hau. Mutum kan yi shekaru a haka bai ji ciwon komai ba.

To wa ya fi shiga haɗari? Na farko mai faɗin ƙugu: namiji daga santimita 94, mace daga santimita 80. Tef ɗin tela ya isa. Wanda ba shi da tef ya sami igiya, ya auna tsawonsa daga kai zuwa ƙafa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita daidai cibiya. Idan bakunan igiyar ba su haɗu ba, kitsen ya yi yawa. Mace mai juna biyu ba ta cikin wannan awo.

Sai sauyin da zamanmu ya yi. Iyayenmu sun ci tuwon dawa da gero, sun yi daka a turmi, sun taka zuwa gona da kasuwa. Noman rani ya bunƙasa a fadamun Kebbi, musamman bayan shirin rancen manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, kuma mun gode da abin da ya shigo aljihu. Amma farar shinkafar inji an cire mata dusa, tana saurin zama suga. Babur ya karɓe tafiya, injin niƙa ya karɓe turmi, amma cin bai ragu ba. Ni ma da na fara aikin ofis da yawo a kan mashin, cikin 'yan shekaru sai da na ƙara huda a bel ɗina. Kwalbar lemo ɗaya, irin wadda muke rabawa a bikin aure da Kirsimeti, tana ɗauke da suga kimanin cokalin shayi takwas zuwa tara. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Giya da burukutu suna ƙara kitsen jini, taba tana lalata hanyoyinsa.

Wasu abubuwan ba laifin kowa ba ne. Haɗarin yana ƙaruwa da shekaru, ga mata kuma bayan al'ada ta ɗauke. Yana bin gida: idan uwa, uba ko ɗan'uwa na jini yana da suga ko hawan jini, a kula. Haka macen da suganta ya hau lokacin goyon ciki, ko ta haifi jariri da ya wuce kilo 4. Wani abin da ya shafe mu ƙwarai shi ne, wanda aka haifa ɗan ƙarami ko ya sha yunwa yana yaro, idan ya girma ya sami abinci ya yi ƙiba, jikinsa ya fi saurin kamuwa. Saboda haka siririn mutum mai ɗan tumbi bai tsira ba.

Iyayenmu da ƙannenmu na Zumuntar Mata, ku ja kunnen 'yan mata a kan ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe", waɗanda wasu ke sha kafin aure. Wasu daga cikinsu suna kumbura fuska, su tara kitse a ciki, su tayar da suga da jini. Wannan ba ƙibar lafiya ba ce.

Abin yana gyaruwa. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu haɗarin da aka sa su tafiyar sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, tare da rage nauyi kamar kilo 5 ga mai kilo 70, kamuwarsu da ciwon suga ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. A wurinmu wannan na nufin a taka zuwa sujada maimakon hawa mashin, a rage malmalar tuwo, a ƙara zogale, rama da wake, a sha fura da kunu ba suga.

Awon jini ana yinsa a ƙananan asibitoci, na kitsen jini kuwa sai manya, kamar asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. A je da safe ba a karya kumallo ba. A roƙi ma'aikacin ya rubuta lambobin a takarda: awon jini daga 130 bisa 85, ko suga daga 100 (wasu na'urori suna nuna 5.6), yana bukatar a koma a sake aunawa. Wanda aka riga aka ɗora a kan magani kada ya daina sha don ya ji sauƙi, sai likita ya ce.