Sule ɗaya a wata: yadda talakawa suka gina wa marayu gidaje

A birnin Yamai akwai wata unguwa ta yara marayu da ake kira SOS. An buɗe ta a shekarar 1993. Daga baya aka gina irinta a Tawa da Doso. Mutane da yawa sun ji sunan, amma ba su san inda kuɗin ginin ya fito ba. Wasu suna tsammani wani attajiri ne na Turai ya biya. Gaskiyar magana, tushen wannan aiki taro da sisi ne na talakawa. Ga yadda abin ya faro, ga yadda ake tara kuɗin, ga kuma inda aka yi sakaci har yara suka cutu.

Mafarin abin

A ƙasashen Turai akwai wata ƙasa mai duwatsu da sanyi, sunanta Ostiriya. Tana maƙwabtaka da Jamus. A can aka haifi wani mutum mai suna Hermann Gmeiner a shekarar 1919. Ɗan manoma ne, gidansu yara da yawa. Yana da shekara 5 uwarsa ta rasu. Yayarsa Elsa ita ce ta riƙe su, shi da ƴan uwansa. Ita ke dafa abinci, ita ke wanki, ita ce ta zame musu uwa.

Da ya girma aka ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Yaƙin ya ƙare a 1945. Ya bar garuruwa a rushe, ya bar yara masu ɗimbin yawa ba uwa ba uba. Gidajen marayu na wancan zamani manya ne kamar barikin soja. Maza dabam, mata dabam. Sau da yawa a raba wa da ƙane, kowa a kai shi wani gari.

Gmeiner yana karatun likita a birnin Innsbruck a lokacin. Shi da wasu abokansa suka ce maraya ya fi bukatar gida irin na kowa. A watan Afrilu na 1949 suka kafa ƙungiya. Daga baya ya bar karatun likita, ya duƙufa ga wannan aiki.

Tsarin da suka yi yana da ƙafa huɗu. Na farko, uwa: mace guda da za ta zauna da yaran dare da rana, ta rene su har su girma. Na biyu, ƴan uwa: ba a raba yaran da suke ciki ɗaya. Na uku, gida: kowace uwa da gidanta da murhunta. Na huɗu, unguwa: a gina gidajen kusa da juna, don iyayen su riƙa taimakon juna, yaran kuma su tafi makarantar gari tare da sauran yara.

Sule ɗaya a wata

Tsari ya yi kyau, amma ina kuɗi? Kuɗin Ostiriya a wancan lokaci sunansa shilin, wato sule. Tun 2002 an daina kashe shi, an koma yuro. Abin da Gmeiner ya mallaka duka sule 600 ne. Wannan ko harsashin gida ɗaya ba zai yi ba.

Magajin wani ƙaramin gari mai suna Imst ya ba su fili. Saura kuɗin gini. Sai suka yi dabara. Suka buga takardu, suka bi gida gida, suna roƙon kowa ya ba da sule ɗaya tak a kowane wata. Ba su nemi abin da ya fi ƙarfin mutum ba. Talakan da ya fito daga wahalar yaƙi ma yana iya ba da sule ɗaya.

Ku duba lissafin da kyau. In mutum 600 suka ba da sule ɗaya ɗaya, a wata guda an sami daidai da dukan abin da Gmeiner ya tara. A shekara an sami sule 7,200. In mutanen suka kai 10,000, a shekara an sami sule 120,000. Da yayyafi kogi kan cika.

Wannan dabara tana da amfani biyu. Na ɗaya, kuɗin yana zuwa kowane wata, don haka ana iya sanin abin da za a kashe a gaba. Yaro ba ya cin abinci sau ɗaya a shekara, kullum ne. Na biyu, aikin bai rataya a wuyan mutum ɗaya ba. In attajiri guda ne ke biya, ranar da ya yi fushi ko ya mutu, tukunya ta sauka. In mutum dubu ne, goma suka janye, saura suna nan.

A watan Disamba na 1949 aka aza harsashin gida na farko a Imst. Aka sa masa suna Gidan Salama. A ƙarshen 1950 yara na farko suka tare. Ƙungiyar ta ƙara da sayar da katunan gaisuwa na bikin Kirsimeti. Ta kuma riƙa buga wata ƴar jarida tana aika wa masu ba da kuɗi, su ga hoton gidajen da aka gina da labarin yaran. Wanda ya ga inda sulensa ya shiga, ba ya jin nauyin ba da na wata mai zuwa.

Ƙwayar shinkafa

Cikin shekara goma aikin ya bazu zuwa Faransa da Jamus da Italiya. A 1960 aka kafa uwar ƙungiya ta duniya. A 1963 aikin ya ƙetare teku, ya kai nahiyar Asiya karo na farko.

Ƙasar Koriya ta Kudu, can gabashin duniya, ta sha yaƙi daga 1950 zuwa 1953. Ita ma marayu sun yi yawa. Aka so a gina unguwar SOS a birnin Daegu. Amma yaya za a sa mutumin Turai ya ba da kuɗinsa don yaron da bai taɓa gani ba, a ƙasar da bai taɓa zuwa ba?

Sai aka kawo shinkafa daga Koriya. Aka riƙa ba mutane ƙwaya ɗaya ɗaya, kowace ƙwaya a bakin dalar Amurka guda. A lura, dalar Amurka ce, ba dalarmu ta kasuwa ba. Kowa ya san ƙwayar shinkafa ba ta kai wannan kuɗi ba. Shaida ce kawai a hannun mutum, cewa shi ma ya sa hannu. Da kuɗin wannan shinkafa aka gina unguwar Daegu.

Aiki ya kuma kai Amurka ta Kudu da Indiya. A Afirka, unguwa ta farko ita ce ta Abobo, kusa da Abijan, a 1971. Cikin shekarun 1970 aka buɗe wasu a Najeriya da Gana da Kenya. Gmeiner ya rasu a 1986. Bayansa ƙungiyar ta ci gaba har ta shiga ƙasashe fiye da 130.

Yadda masu taimako suke sa hannu

Hanyar da ta fi shahara ita ce ɗaukar nauyi. Wani ma'aikaci ko wata tsohuwa a Jamus ko Norwe sai ya yi alkawarin biyan wani abu kowane wata. Wani ya ɗauki nauyin yaro guda, wani ya ɗauki na unguwa gaba ɗaya. Ƙungiya kuma tana aika masa wasiƙa da hoto, ya ji yadda yaron ke girma da yadda karatunsa ke tafiya.

Kuɗin ba a hannun yaron ake danƙa shi ba. Ana zuba shi a asusu ɗaya, a sayi abinci da tufafi da magani, a biya makaranta da albashin iyayen riƙo. Dalili shi ne kada wani yaro ya ƙoshi, na kusa da shi yana kallo.

Akwai wasu hanyoyi kuma. Ƴan makaranta sukan yi wasa ko tsere, a tara kuɗi. Mata sukan yi ɗinki ko toye-toye su sayar. Wasu sukan yi wasiyya, a ba ƙungiya wani kaso na dukiyarsu bayan ransu. Kamfanoni da gwamnatoci su ma sukan ba da nasu. Abin ya yi kama da gayya: wani ya zo da hauya, wani da fura, wani da ganga.

Inda aka yi sakaci

Labarin bai tsaya a nan ba. Shekara da shekaru masu ba da kuɗi suna ganin hoton yara suna dariya, suna murna. Kaɗan ne suka tambayi abin da ke bayan hoton.

A 2021 uwar ƙungiyar ta fito fili ta amsa cewa an cuci yara a wasu unguwanninta, an kuma yi wasa da kuɗi. Ta nemi gafara. Ta kafa kwamitin bincike na mutanen waje. Shugabansa Willy Mutunga ne, tsohon babban alƙalin ƙasar Kenya. A 2023 kwamitin ya fitar da rahotonsa. Ya ce a ƙasashe da dama an doki yara, an yi lalata da wasu. Ya ce sau da yawa an rufe maganar don kada sunan ƙungiya ya ɓaci, waɗanda suka tona kuma suka sha wuya.

Har cikin masu ba da kuɗi an sami wanda aka zarga. Wani mai hali ne daga Ostiriya, yana ba da kuɗi masu yawa. Saboda kuɗinsa aka riƙa barinsa ya kusanci yara a wata ƙasar Asiya, abin da dokar ƙungiya ta hana. Daga baya aka zarge shi da lalata da yaran.

A watan Oktoba na 2025 sai ga magana mafi nauyi. Reshen ƙungiyar na Ostiriya ya bayyana cewa mutum 8 sun kai ƙarar Gmeiner kansa. Sun ce ya yi lalata da su, ya cuce su, lokacin suna yara, tsakanin shekarun 1950 da na 1980. Ba a yi shari'a ba, domin ya riga ya mutu. Amma reshen ya ga maganarsu abin yarda ce, ya biya su diyya, ya kuma yi shekaru bai gaya wa jama'a ba. Da labarin ya fita, uwar ƙungiya ta dakatar da reshen Ostiriya. Aka shiga cire sunan Gmeiner daga tituna da makarantu.

Wannan bai shafe wahalar dubban mata da suka reni ƴaƴan wasu da amana ba. Bai shafe ladan talakan da ya ba da sulensa da zuciya ɗaya ba. Amma ya nuna cewa suna mai kyau ba ya tsare yaro. Ido ne ke tsare shi.

Ba kowane yaro ke bukatar gidan marayu ba

Akwai wani darasi kuma da aka koya. A 2009 ƙungiyar Save the Children ta ce cikin yara 5 da ke gidajen marayu na duniya, aƙalla 4 suna da uwa ko uba da rai. Talauci ne ya raba su da gida. A wasu ƙasashe ma an sami mayaudara da ke tara ƴaƴan talakawa, su ce marayu ne, don baƙi su ba da kuɗi.

A shekarar ta 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wasu ƙa'idoji game da riƙon yara. Ciki har da cewa talauci kaɗai bai isa a raba yaro da iyayensa ba. In iyaye ba su da rai, a fara duba dangi. Ƙungiyar SOS ita ma ta buɗe wannan hanya: a taimaki gwauruwa da jari ko sana'a ko kuɗin makaranta, ta riƙe ƴaƴanta a ɗakinta. Wannan hanya ta fi araha, kuma yaro ba ya rasa danginsa da harshensa da gadon gonar ubansa.

Tambayoyi biyar kafin a ba da kuɗi

Wata rana wani zai iya zuwa garinku da takarda, ya ce yana tara taimako don marayu. Ko kuma ku da kanku ku so ku kafa asusu don marayun gari. Kafin kowa ya kwance bakin zani ko ya buɗe rumbu, a yi waɗannan tambayoyi:

1. Wa ke riƙe kuɗin? Kada ya zama mutum ɗaya. Mai ajiya dabam, mai rubutu dabam.

2. Ina littafin lissafi? A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ko tiya ɗaya ce ta hatsi. A riƙa karanta shi a gaban jama'a.

3. Yaran nan ba su da dangi ne? In akwai kaka ko gwaggo ko kawu mai amana, a kai taimakon can.

4. In an cuci yaro, wa zai gaya wa? A sami wani babba, mace ko namiji, wanda ba ya ƙarƙashin shugaban aikin, wanda yaro zai iya zuwa wurinsa ba tsoro.

5. Wa ake bari ya keɓe da yara? Kowa ne shi, komai yawan abin da ya bayar, kada a bar baƙo shi kaɗai da yaro. Ba a ba kura ajiyar nama.

Mutanen Ostiriya sun nuna cewa sule ɗaya a wata yana gina gida, har ya ƙetare teku. Abin da ya faru daga baya ya nuna cewa bayarwa rabin aiki ne. Wanda ya ba da dalarsa don maraya yana da haƙƙin ya tambaya, ya je ya gani da idonsa, ya saurari yaron da kunnensa. Jama'a, a ba da abin da ya sauwaƙa kowane wata, a kuma riƙa bin sawunsa.