Idan Yarinya Ta Dawo Daga Asibiti

'Yan'uwa manoma, baƙin ciki yakan kai budurwa ga neman kashe kanta: auren dole, ko cire ta daga makaranta, ko rashin wani nata a hannun 'yan bindiga. A ƙasar noman rani ta Bakolori, daga Maradun zuwa Talata Mafara da Bakura, maganin ƙwari yana kusan kowane gida, kusa da hannunta.

In Allah ya sa ta tsira, da sauran aiki, gama watannin farko bayan sallama sun fi haɗari.

Da fari, a fitar da maganin daga gida. Ƙungiyarku ta tara shi ɗaki ɗaya, a sa kwaɗo.

Na biyu, ban da duka, ban da gori. A Amurka, Luis Zayas ya yi bincike kan 'yan matan da iyayensu suka fito daga ƙasashe masu magana da Sifaniyanci. Ya ga cewa inda uwa da 'ya suke fahimtar juna, haɗarin yakan ragu. Uwa, ki zauna da ita, ki bar ta ta gama magana kafin ki amsa.

Na uku, a koma wurin likita ko da ta ga kamar ta warke. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kware, kusa da Sakkwato.

Zumuntar Mata su riƙa ziyartarta, su kuma rufa mata asiri. In ta sami ƙarfi, ta koma makaranta.