Jinya Bayan Aikin Yoyon Fitsari

Matar da doguwar naƙuda ta jawo wa yoyon fitsari, aka ɗauko ta daga ƙasar Argungu zuwa cibiyar Gesse ta Birnin Kebbi, ɗinkin likita kaɗai ba ya warkar da ita. Sauran aikin yana hannun masu jinya. Robar fitsari takan zauna a jikinta kimanin kwana 14, kuma wajibi ne a riƙa duba ta dare da rana, domin in ta toshe, mafitsara ta cika, ɗinkin na iya ɓallewa. Shi ya sa ake matsa mata ta yawaita shan ruwa. Watau dai, a ɗakin kwanciyar majinyata ake gane ingancin irin wannan cibiya.