Man Shafawa Mai Kwantar da Ƙaiƙayi: Yadda Yake Aiki da Inda Yake Ɓarna

Da zarar hunturu ya kankama a ƙasar Bagwai, manoman rani kan duƙufa a gonakin da ke shan ruwan madatsar Watari. Hannu ya yini cikin ruwa da taki da maganin feshi, da dare kuma busasshiyar iska ta tsotse ɗan maiƙon da ya rage. Ba a jimawa sai fata ta tsattsage, ta kumbura, ta kama ƙaiƙayi. Akan tura yaro kemis ya sayo bututun man shafawa, kafin kwana uku ƙaiƙayi ya lafa. To, mene ne a cikin wannan bututu?

Galibi sinadari ne daga dangin da ake kira sitiroyid. Jikin ɗan Adam ma yana yin irinsa, wato kotisol, a wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda. A shekarar 1952 ne likitoci biyu a Amurka, Sulzberger da Witten, suka nuna cewa shafa haidirokotizon yana kwantar da kumburin fata.

Shi kumburi dabara ce ta kare kai. Idan wani abu ya taɓa fata, hanyoyin jini sukan buɗe, fararen ƙwayoyin jini su yi cincirindo a wurin. A ciwon kirci, waɗannan dakaru sukan wuce gona da iri, su yi ta yaƙi alhali babu abokin gaba. Sitiroyid yakan ratsa cikin ƙwayoyin fata, ya hana su aika saƙon gayya, ya kuma tsuke hanyoyin jini. Abin lura shi ne, ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya.

A nan ne gizo ke saƙa. Malaman makaranta sun san makero, wannan tabo mai da'ira da ke yawo tsakanin ɗalibai. Ƙwayar fangas ce, dangin funfuna, ke haddasa shi. In aka shafa masa sitiroyid, ƙaiƙayi zai tsaya, da'irar ta dusashe, iyaye su ɗauka an rabu da Bukar. Alhali dakarun jiki aka sallama, fangas kuwa ya sami sarari ya bazu, ya sauya kama har likita ya sha wuyar gane shi. Tun a 1968 likitoci a Ingila suka bayyana wannan matsala. Haka abin yake ga ƙazuwa. A ganina, man nan da ake kira mai aiki uku, wanda ya haɗa sitiroyid da maganin fangas da na bakteriya a bututu guda, ya fi kowane jawo wannan ruɗani, domin yana sa mutane su ga ba su bukatar sanin sunan ciwonsu.

Har ila yau, ƙarfin magungunan ba ɗaya ba ne. Haidirokotizon mai sauƙi ne, kulobetasol kuwa ya ninka shi sau ɗaruruwa. Fatar fuska da hammata da matsematsi ta fi ta tafin hannu saurin tsotse magani, ta jariri kuma ta fi ta kowa. Idan aka daɗe ana shafa mai ƙarfi, fata takan yi siriri, nankarwa da ƙuraje su fito, wani lokaci maganin ya shiga jini ya tayar da sukari, halittun nan na bisa ƙoda kuma su rage aiki. Masu bilicin da kulobetasol suna cikin wannan haɗari. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya.

Idan ma'aikacin lafiya ya duba ya tabbatar kirci ne, akwai ma'auni mai sauƙi da Long da Finlay suka fito da shi a Birtaniya a 1991. A matso man daga ƙarshen manuniyar babban mutum zuwa gaɓar farko. Wannan kimanin rabin giram ne, kuma ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Ana shafawa sau ɗaya ko biyu a rana, a kan ciwon kaɗai, na mako ɗaya zuwa biyu. In bai lafa ba a koma asibiti. Manomi kuwa ya sa safar hannu ta roba lokacin feshi da zuba taki, ya riƙa shafa man kaɗanya ko basilin bayan wanka, tun fata na da ɗan danshi.